Mai Ƙirga Karta da Matar Ɗakin Sama

Durban, watan Maris

Motswala Seabata, abokin wasana,

Aminci gare ka. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da ƙirjin nan naka da ba ya shiri da sanyi. Ni ƙalau nake. Adireshinka na Maseru a hannun mahaifiyarka na samo shi, da na je Quthing hutun Kirsimeti. Ta ce inshora kake sayarwa yanzu, kana yawo gari-gari da jaka. Na yi dariya har na ƙware da koko. Kai da aka ba ka ƙwai ka sayar a tasha, ka dawo da ƙwan, ka kuma dawo da labari!

An canza mini aiki. Ka san shekara da shekaru ina tsaye ina rabon karta a gidan cacan nan na bakin teku. To yanzu an hau da ni sama, ɗakin kyamara. Ɗaki ne marar taga, bangonsa duk allunan talabijin ne, haskensu shuɗi-shuɗi. Ba a jin sautin komai daga ƙasa. Mutane suna motsi a cikin gilashi kamar kifi a tafki, su buɗe baki su rufe, hannuwa su miƙe su janye. Wani lokaci sai in manta rana ce a waje ko ruwa ake yi, in ji kamar ni ma a ƙarƙashin ruwan nake. In na sauko na ga teku na gaske, sai ya yi mini kamar shi ne hoton.

Shugabanmu Mista Chetty dattijo ne mai shan shayi ba madara. Ran farko ya ce mini, "Sisi, 'yar'uwata, ɓarawo ba ya ba ni wahala, hannunsa ke tona shi. Wanda nake so ki koyi gani shi ne mai ƙirga karta. Ba ya satar komai. Abin da ya fita daga akwatin da ake zaro karta yake riƙewa a ka, in ya san manyan karta ne suka rage sai ya zuba kuɗi da yawa. Doka ba ta hana shi ba, gidan ne ya hana." Na ce to mene ne laifinsa? Ya ce, "Yana tunani a inda aka gina don kada a yi tunani."

Gidajen caca suna aika wa juna hotunan irin waɗannan mutane ta faks, mu kuma mu manna a bango. An rantsar da mu ba za mu faɗi wanda muka gani ba, kuma wasiƙunmu ta akwatin ma'aikata suke fita, a ƙofar ofishin tsaro. Don haka bar wannan zancen. Bari in ba ka labarin wani mafarki da na yi.

Na gan ka zaune a teburin caca a garin Ezulwini. Ka tara gemu, ka sa tabarau da farar hula irin ta masu wasan golf. Fuskar ta yi dishi-dishi kamar an zana ta da gawayi ruwa ya taɓa, amma girarka ta hagu da dokin Kawu ya tsaga tana nan yadda na san ta. Tun ranar fuskar nan tana gabana duk lokacin da na zauna aiki. Ko cikin mutum dubu ka shigo, ni zan fara ganin ka. Ka riƙe wannan a ranka kafin ka yi tunanin zuwa Durban.

Taka,
Puleng

Maseru, watan Mayu

Motswala Puleng,

Aminci. Takardarki ta daɗe tana jirana a hannun matar da nake haya a gidanta, don na yi tafiya. Ƙirji da sauƙi, sai dai dusar ƙanƙara ta fara zama a kan duwatsu, da safe har haƙora suke amsawa. Ina gaida 'yarki Lineo, an ce ta kusa gama karatun jinya.

Puleng, ke mayya ce? Har hular kika gani! Na karanta mafarkin nan har takardar ta yi laushi. To tunda kakanni sun tona mini asiri a wurinki, ba sauran ɓoyo: ba inshora nake sayarwa ba. Ni ne mutumin da Mista Chetty naku ya ba ki labari. Kada Mme, mahaifiyata, ta ji, za ta tara mini matan coci.

Ba zan iya kwatanta miki yadda abin yake ba. Mutane sun ɗauka lissafi ne irin na makaranta. A farko haka ne, amma yanzu ba na jin lamba ko ɗaya. Kin tuna yadda muke zama a bakin kogin Senqu, mu san ruwa na zuwa tun bai iso ba, don iska ta canza? Haka ne. Ƙananan karta su yi ta fita, su yi ta fita, sai in ji akwatin ya yi nauyi, ya cika, yana son ya ba ni. A lokacin hayaniyar injinan caca takan ɗauke, mai rabo ya zama hannu biyu kawai, ni kuma in ji kamar ina kwance a kan ruwa yana tafe da ni. Kuɗin ma sai daga baya nake tuna su.

A Ezulwini haka nake cikin wannan daɗi sai na ji hannu a kafaɗata. Wani dogo cikin baƙar kwat ya ce, "Yallabai, wasanka ya fi ƙarfinmu. Ga injina can, ga abinci kyauta, amma teburin nan ka gama da shi." Na ce, "Ɗan'uwa, ni likitan haƙori ne, sa'a ce kawai." Ya ce, "To likita, je ka cire haƙora." Har bakin mota ya raka ni, ya buɗe mini ƙofa kamar ango. Nan Maseru ma an daɗe da yi mini irin wannan rakiya. Amma hotona babu wanda ya taɓa samu, ina kula da inda nake juya fuskata.

Yanzu ga maganar da ta hana ni sukuni. Kin ce fuskata tana gabanki kullum. Kin ce ko cikin mutum dubu za ki gane ni. Motswala, muna yara manya suna tsokanar mu da miji da mata, ke kina jifa ta da ƙwallon goruba irin tamu, busasshen ɗan itacen fic, ni ina gudu. Na ɗauka iska ta tafi da zancen. Ashe yana nan? Kin ce in riƙe wannan a raina kafin in zo Durban. Na riƙe, shi ya sa zan zo. Gobe zan wuce Maputo, daga can in sanyi ya yi tsakiya sai gare ki. Gidanku ne kaɗai babban gida da bai san ni ba, kuma idonki ne a sama. Wa zan ji wa tsoro?

Mijinki na wasa,
Seabata

Durban, watan Yuni

Seabata,

Ina lafiya, ina fata kana lafiya. Wannan da ƙafata na kai ta gidan waya na cikin gari, don haka zan yi magana a fili.

Wawa! Ba mafarki ba ne. Hotonka ne, yana manne a bangonmu, tsakanin wani Bature mai sanƙo da wasu tagwaye 'yan Taiwan. Daga Ezulwini aka aiko shi. Mu huɗu ne a ɗakin, kowa ya haddace shi. Idan ka shigo, ko dai wani ya riga ni ganin ka a tambaye ni me ya sa na yi shiru, ko in gan ka in ɗaga waya da hannuna. Ba hanya ta uku. Lineo ba ta gama makaranta ba, aikin nan ne ke riƙe da mu.

Ka zo Durban, ka zo gidana, in dafa maka wake da masara irin na gida. Amma kada ka taka ƙofar gidan cacan nan. Ban san inda kake a Maputo ba, don haka Maseru zan aika, Allah ya sa ka biya ta can.

Sauran maganar da ka yi kuma, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ba ita ce a gabana yanzu ba.

Puleng

Tashar jirgin ƙasa ta Durban, watan Yuli

Puleng,

Ina gaishe ki don an koya mini gaisuwa. Lafiyata ƙalau, ba wanda ya taɓa ni.

Na gode da tarba. Na aske gemu saboda ke. Na sayi kwat mai ruwan toka saboda ke. Da na shigo na ɗaga kai na dubi baƙin ƙoƙon gilashin nan da ke rufi, na yi masa murmushi kamar mahaukaci, don na san kina ciki. Ban taɓa wasa irin na ranar ba. Sai ga mutum biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. "Mista Seabata Mokhele?" Sunana na gaskiya, Puleng, har da na mahaifina! Shekarun nan duka ina likita, ina fasto, ina dillalin shanu, babu gidan da ya taɓa sanin sunana.

Suka kai ni wani ƙaramin ofis, suka zaunar da ni a gaban farin bango, suka ɗauki hoto gaba da gefe. Na sa hannu a takardar da ta ce in na sake shigowa, ko da wurin ajiye mota ne, 'yan sanda za a kira. Na tambayi ɗaya daga cikinsu wa ya ba su sunana. Ya nuna sama da yatsa ya ce, "Wata 'yar'uwa ce a can, idonta kamar na shaho. Yau kam ta ci ƙarin girma."

Yanzu na gane mafarkin. Tarko ne, aka sa masa zuma. Zuwa jibi sabon hoton zai kai kowane gida daga Cape Town har Victoria Falls, da suna, da tsagaggiyar gira. Abu ɗaya na iya a duniya, kin rufe mini shi. Allah ya sanya albarka a sabuwar kujerar.

Kada ki rubuto Maseru, na saki ɗakin.

S. Mokhele

Durban, watan Agusta

Motswala,

Aminci gare ka, ko ba ka so. Na yi mura amma ta sake ni. Wannan Quthing zan aika, hannun Mme, ta ajiye maka har ranar da yunwa za ta kai ka gida. Na fahimci takardata ta watan Yuni ba ta same ka ba. Ka neme ta, ka karanta ta kafin wannan.

Ga abin da ya faru, ka yi yadda ka ga dama da shi.

Da rana ne, ranar da ƙananan kifin nan suka cika gaɓa, rabin garin ya tafi bakin teku da bokiti. Abokan aikina biyu suna hutun cin abinci, Mista Chetty yana waya a ofishinsa. Na gan ka tun daga ƙofa. Na ga murmushin. Na sa hannu a kan waya, hannun ya ƙi ɗagawa.

Na jawo kyamara kusa da kai, na zauna ina kallo. Na ga masu ƙirga da yawa a faifan koyarwa: leɓensu na motsi, idonsu na tsalle, wuyansu a sandare. Kai kana hira da tsohuwar da ke gefenka, kana tsokanar mai rabo, kana juya ƙanƙara a kofi. Ba ka ko kallon kartar, sai ka ce ita ke kallon ka. Ina ƙirgawa tare da kai daga sama, ina ɓacewa ina dawowa, kai kuwa kana tafe sumul. Da akwatin ya yi nauyin nan da ka ba ni labari, wallahi na ji shi a ƙirjina kafin ka tura kuɗin. Sauran allunan duk suka dushe. Na manta da Lineo, na manta da haya. Na ce a raina, ashe wannan ne yaron da ya kasa sayar da ƙwai.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Sai na ji ƙamshin shayi a bayana. Mista Chetty ya ce, "Sisi, tun yaushe kike kallon wannan?" Na ce tun shigowarsa. Ya dubi bango, ya dubi allo, ya ce, "Likitan Ezulwini ne ya yi aski." Ya miƙa hannu zai ɗauki waya. Akwai wani sabon mai tsaro a ƙasa da yake son murɗe hannun mutane a ɗakin baya in ba su faɗi sunansu ba, kuma na san ka, da ka ce kai fasto ne har gobe. Sai na riga shi ɗauka. Na ce, "Tebur na kusa da matakala, mai kwat ruwan toka. Sunansa Seabata Mokhele. Ɗan'uwana ne. Duk wanda ya taɓa shi, ina kallo, kuma faifai na juyawa."

Na ajiye wayar. Mista Chetty ya ce, "Ɗan'uwanki. Hotonsa yana bangon nan tun Maris." Na ce e. Ya ce, "Kai, sisi." Ya tura mini kofin shayinsa, na shanye, ɗaci kamar magani.

Ƙarin girman da aka gaya maka, ban gan shi ba. An ce manya za su zauna a kan maganata. Har yanzu ina hawa sama kullum, ina kallon sabon hotonka. Ka fi kyau ba gemu, amma ka ɓata rai kamar an ƙwace maka rago.

Na rufe maka ƙofa, gaskiya ne. Ban ga yadda zan bar ta a buɗe ba.

Puleng

Quthing, watan Nuwamba

Motswala Puleng,

Aminci, aminci. Ina gida. Mme tana lafiya, tana gaishe ki, ta ce na rame kamar karen makiyaya. Ruwa ya sauka, duwatsu sun yi kore, 'ya'yan fic sun fara nuna kai.

Takardunki biyu na tarar a cikin Littafi Mai Tsarki na Mme. Matar Maseru ta ba wani direban tasi ta Yunin, shi kuma ya yi ta yawo da ita a motarsa kafin ya tuna. Na hau bayan garke na karanta su. Da na sauko Mme ta ce me ya sami idona, na ce hayaƙin kashin shanu ne. Ta ce ba a hura wuta ba tukuna.

Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba. Na gwada rubutawa na yaga. Bayan Durban na je Gaborone, ban ko zauna ba aka tare ni da sunana. Na je Windhoek, mai gadin ƙofa ya gaishe ni kamar tsohon aboki ya juya ni. Ina hawa bas ina sauka, garuruwa suna wucewa ta taga kamar ba a ƙasa suke ba. Wani lokaci a kujerar bas sai in ji hannuna yana tura kuɗin da babu a kan teburin da babu. Na ɗauka wasan nake kewa. Da na karanta takardarki sai na gane wani abu: shekarun nan duka ina ɓoye abin da na iya, ina yin kamar wawa mai sa'a. Mutum ɗaya ne a duniya ya taɓa ganin wasana ya san abin da yake gani.

Ba ni da fuskar zuwa gidanki kai tsaye. Ga abin da zan yi. Takardar da na sa wa hannu ta hana ni har wurin ajiye mota, amma ba ta hana ni titi ba. Na lura akwai kyamara a kan dogon ƙarfe a bakin shinge, tana kallon wurin tsayawar bas na gefen teku. Lahadin farko ta Disamba, bayan coci, zan tsaya a wurin. In kin yafe mini, ki juya kyamarar ta kalli teku, ki dawo da ita kaina. In ba ta motsa ba, na ji amsa, ba zan sake damun ki ba.

Naki, in kina so,
Seabata

Umlazi, watan Disamba

Seabata, Seabata, Seabata,

Ina lafiya. Lineo ta ci jarrabawa, ta fara aiki a asibiti. Ina fata rana ba ta gasa maka ƙwaƙwalwa ba, in akwai sauranta.

An sallame ni tun watan Satumba. Takardarka ta je akwatin ma'aikata ta kwanta, ni kuwa ina nan gida ina ɗinka rigunan makaranta da keken maƙwabciyata. Ban san ka zo ba sai jiya, da Mista Chetty ya yi sallama a ƙofata, takardar a hannunsa, yana dariya har yana riƙe bango.

Ya ce, "Sisi, ɗan'uwanki lafiyarsa ƙalau kuwa? Ran Lahadi ina kan aiki, sai ga shi a wurin bas cikin kwat, da furanni a hannu. Bas ta zo, bai hau ba. Wata ta zo, bai hau ba. Yana ta kallon ƙarfen kyamara. Can ya cire hula ya rusuna mata. Yaran ɗakin suka taru, wani ya ce a kira 'yan sanda, na ce a kan me, mutum ya gaida ƙarfe? Iska ta taso, ruwa ya sauko, yana nan. Sai da rana ta yi ƙasa ya jingina furannin a gindin ƙarfen ya tafi, kafaɗa a sauke." Da na buɗe takardar na karanta masa abin da kake jira, sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Da na sani ai da na juya masa ita. Da na sa ta yi rawa."

Na yi dariya, na yi kuka, na ƙona wuyan rigar ɗan mutane da dutsen guga.

Motswala, ba na sama yanzu. Tun da na sauko nake barci mai nauyi, ina jin muryoyin mutane in suna magana, kuma tekun ya koma teku. Ban ce ba na kewar ɗakin ba, amma ba na so in sake ganin ka ta cikin gilashi. Ban san me za ka yi da kanka nan gaba ba, ni ma ban gama sanin nawa ba. Sai mu zauna mu yi shawara kamar manya.

Ka hau tasi zuwa Umlazi, unguwarmu a gefen Durban, ka sauka a shagon mai gyaran takalma, ka tambayi gidan mai ɗinki. Ƙofar koriya ce, ba ta da mai gadi. Ka ƙwanƙwasa da hannunka kamar ɗan Adam, ka faɗi sunanka na gaskiya. Za a bar ka ka shiga.

Puleng